Rantsuwata a Kan Buhun Wani

Kai Habu, ajiye wayar nan tukuna. Ku ma ku ajiye. Tun da kun zo kun ce in koya muku kasuwancin onlayin, kuna cewa ai ba wani abu ba ne, hoto ne a ɗauka a ɗora a miƙe ƙafa ana jiran alat ɗin banki, to ku ba ni kunnuwanku. In na gama, wanda ya ga zai iya, ga fili ga mai doki. Ni da kuke gani da basilla ina ɗinkin bakin buhu a rumfar nan, tun wasunku na yawo ba wando ake ce mini Sabo Mai Waya a Dawanau. Ba tsufa ne ya raba ni da wayar ba, kuma ba rashin iyawa ba ne.

A hannun Alhaji Mamuda na koyi hatsi. Mutumin ƙauyenmu ne, gonarsa na jikin ta mahaifina, yana da sito a ɓangaren 'yan wake. Ranar da aka kai ni wurinsa bai tambaye ni ko na iya lissafi ba. Buhu biyu ya sa aka kwance, ya ce in zura hannu har gwiwa a kowanne, in fito da shi in shinshina. Na zura, na shinshina, na ce duk ɗaya ne. Ya ce, “To je ka yi ta dako, hancinka bai nuna ba.” Sai da na sha rana da buhu a wuya kafin na gane cewa waken da aka zuba wa maganin ƙwari yana barin wani santsi a tafin hannu, da wani wari can ƙasa-ƙasa mai shaƙe maƙogwaro. Daga nan ya fara barina in tsaya gaban mai saye. Dokarsa guda ce, ya sha faɗinta har muna kwaikwayonsa a bayan idonsa: ba ka rantsuwa a kan buhun da hannunka bai shiga ba.

Buhun farko da na sayar ta waya, wata mai abinci ce a Kaduna ta saya, kuma wuni guda cur ya ci mini. Lokacin Alhaji ya sayi babbar waya, ya juya ta ya sake juyawa, ya ce shi idonsa ba zai iya da wannan ba, ya miƙo mini. Matar ta sami lambar a wurin wani direba, ta ce in turo hoto. Na ɗebi wake a tafin hannu na ɗauka cikin rana, ya fito fari fat, ta ce wannan ba irin da take so ba ne. Na koma inuwa, ya fito duhu-duhu, ta ce tsoho ne. Na ari farin tire a wurin mai shayi na baza waken a kai, sannan ya fito da kamanninsa. Saura sabis. Sai da na hau can saman jibgin buhuna, kaina na taɓa kwanon rufi, na ɗaga waya sama, gumi na zuba, hoto na ta juyawa ya ƙi tafiya. 'Yan dako suna ƙasa suna dariya, wai Sabo ya hau kiran salla. Wajen la'asar ta ce a ɗora mata buhu ɗaya ta gwada. Alhaji ya dube ni ya ce, “Cinikin biri a sama ke nan. Ita ba ta ga wake ba, kai ba ka ga fuskarta ba. Me ya rage a tsakaninku?” Na ce babu. Ya ce, “Akwai mana. Bakinka.” Washegari muka ɗora mata buhun a motar da ke zuwa Kaduna.

Kayan aikin ba su da yawa. Waya, da fawa banki saboda wutar nan tamu da kuka sani, da farin tire, da tsumma mai laushi na goge idon kyamara, don ƙurar hatsi kan lulluɓe shi kafin ka kifta ido. Hoto da hantsi ake ɗauka, ba a gyara masa launi. Ku yanzu kuna da abin da ke mai da baƙin wake ya koma kamar an wanke shi da madara. To ku sani, mai saye ba hoton zai dafa ba.

Ɗora hoto kuwa shi ne hutun aikin. Aikin shi ne amsawa. Wani ya rubuto “Nawa?” ko sallama babu, ka gaishe shi, ka faɗa masa, ya ɓace kamar an binne shi. Wani ya ce hoto, ka tura, ya ce bidiyo, ka tura, ya ce ka juya buhun ya ga gindinsa, ka juya, sannan ya ce dama tambaya yake wa maƙwabcinsa. Kai! Akwai ranar da na ji kamar in buga wayar da ƙasa. Amma washegari in ya dawo, da fara'a za ka amsa, don mutum yana jin ɗaurewar fuska ko ta waya ce.

Akwai wata rana da motar Ɗanjuma, direban da ke ɗaukar mana kaya zuwa Suleja, ta lalace a hanya bayan an wuce Zariya. Kayan mutane cike da mota. Muna da guruf na masu sayenmu a waya, kafin azahar ya kama da wuta. Wata ta ce ɓarayi ne, wani ya ce dama ya san za a rina. Ba ni da labari mai daɗi da zan ba su, amma ban yi shiru ba. Na kira Ɗanjuma, na ce ya ɗauki bidiyon motar da makanike a ƙarƙashinta, na sa a guruf. Da aka tafi neman madadin ƙarfen da ya lalace na faɗa musu, da aka kawo wanda bai yi daidai ba ma na faɗa musu. Mai saye yana yafe jinkiri, shiru ne ba ya yafewa. Wadda ta fara kiranmu ɓarayi, ita ce daga baya ta kawo mana ƙannenta mata. Gyara ma ban bar ta ba don ana waya. Duk buhun da zan ɗinke, sai na tura ƙullin kuka ko na barkono a bakinsa, ko da ba a tambaya ba.

Yawancin masu sayenmu mata ne, masu ƙosai da alale da shinkafa da wake, kuma da yawansu ba sa karanta boko. Rubutu ba ya musu amfanin komai. Saƙon murya ne kasuwar, abin da ku kuke ce wa bois. Ka danna, ka gaishe ta, ka tambayi yara, ka faɗi abin da ke cikin buhu. Haka muryata ta zama ita ce shagon. Akwai waɗanda suka shekara da shekaru suna saye, ba su san ko Alhaji Mamuda fari ne ko baƙi ba.

A cikinsu akwai Inna Asabe. Ƙosai take soyawa a wata tasha a Suleja. Ban taɓa ganin fuskarta ba, hoton wata 'yar jikarta ne a kan lambarta. Mijinta ya rasu, 'yarta ma ta rasu ta bar mata yara, kaskon nan shi ne cinsu, shi ne makarantarsu. Gurbi a tasha kuwa ba a samunsa da wasa, ta ce mini sai da ta yi shekaru tana talla a kai kafin aka ba ta inda za ta kafa murhu. Tsoron waken magani take kamar me, don ta taɓa ganin abin da ya yi wa wata maƙwabciyarta. Saboda haka duk sanda za ta saya sai ta ce, “Malam Sabo, rantse mini.” Ni kuma sai in je in kwance buhun da za a ɗora mata, in zura hannu har gwiwa, in shinshina, in tauna ƙwaya, sannan in danna waya in ce, “Inna Asabe, wallahi tallahi waken nan da hannuna na duba shi, babu magani a ciki, ko jariri aka ba ya ci lafiya.” Haka nake faɗa kowane karo, ban taɓa sa rana ba, ban taɓa sa wata ba. Wa ke faɗin kwanan wata a kan buhun wake?

Sai ga shekarar da ruwa ya ɗauke, wake yana cikin fure. Duk ƙauyukanmu, daga nan har wajen Rimin Gado, harawa aka girbe. Wake ya yi tashin gwauron zabo, sabo kuma ba ya samuwa sai ɗan tsirit. A cikin wannan hali Alhaji ya faɗi a masallaci, ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Babban ɗansa Nazifi ya karɓi shago. Na goya yaron nan, wallahi na goya shi, amma albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Wata safiya na iso na tarar ana sauke kaya a sito. Tsohon wake ne da wani ya ɓoye tun bara, Nazifi ya kwashe shi gaba ɗaya, ya zuba duk ƙarfin shagon a ciki. A ido ba ka ganin komai, ko huda ɗaya babu a jikin ƙwaya. Wannan ne ma ya ba ni tsoro, tsohon wake ba ƙwaro? Na zura hannu. Kafin in kai shi hanci na ji santsin. Ba irin ƙwayar da ake naɗewa a tsumma a sa a sito ta gama aikinta ta fita ba ce. Maganin feshin gona ne aka yayyafa aka cakuɗa da waken.

Na ce, “Nazifi, wannan ba na ci ba ne.”

Ya ce, “Baba Sabo, in an shanya zai fita.”

Na ce, “Wannan ba ya fita. Ka mayar masa da kayansa.”

Ya ce, “In mayar wa wa? Ya kashe waya. Kai dai ka yi wa masu saye murya kamar yadda ka saba, ai wankewa suke kafin su niƙa.”

Na ce, “Ni Sabo? In rantse a kan wannan? Ubanka na kwance a gida da ransa kake gaya mini haka?”

Ya dubi 'yan dako da suka tsaya suna jinmu. Sai ya miƙo hannu ya ce, “To ba ni wayar. Layin na shago ne.”

Gaskiyarsa ce, da sunan Alhaji aka yi rajistar layin. Na zare ta daga aljihu na ba shi, na ɗauki hulata na fita. Sai da na hau mota zuwa gida na tuna cewa mutanen da ke cikin wayar nan, ko lambar mutum ɗaya ban haddace ba. Wa ke haddace lamba yanzu? Na samu shugabannin ɓangarenmu na faɗa musu. Suka zo dubawa, suka tarar da sito fes, an kwashe kayan an kai wani wuri. Na nemi Ɗanjuma na ce duk wadda ya kai wa kaya ya gaya mata na bar shagon, kada ta sayi wake a layin nan. Ya ce zai faɗa, kuma ya faɗa. Na koma gonata da 'yar ƙaramar wayata mai tocila, ina ganin na sauke nauyi.

Ina sassabe da hantsi, gab da faɗuwar damina, wayar ta yi ƙara. Baƙuwar lamba. Na ɗauka na yi sallama, ba a amsa ba. Sai na ji ana kunna wani abu a kusa da wayar. Na ji wani mutum yana cewa, “Inna Asabe, wallahi tallahi waken nan da hannuna na duba shi, babu magani a ciki, ko jariri aka ba ya ci lafiya.” Gatarin ya faɗi daga hannuna.

Ta ce, “Malam Sabo, muryar wa ce wannan?”

Na ce, “Tawa ce, Inna.”

Ta ce, “To Allah ya isa.”

Da ƙyar na samu ta tsaya ta gaya mini abin da ya faru, har da yadda ta karɓi lambata a wurin Ɗanjuma. Ɗanjuma ya kai mata saƙona. Hankalinta ya tashi, ta yi murya zuwa layin shago ta ce an ce Malam Sabo ya tafi, gaskiya ne? Ba a jima ba sai ga muryata ta shigo mata, da sunanta, da rantsuwa. Nazifi ya koma baya cikin hirarmu ya ɗauko tsohon saƙo ya sake tura mata. Akwai ɗan rubutu ƙarami da ke fitowa a kai yana nuna turowa aka yi, amma wa zai karanta mata? Ta ce a ranta direba ne ke son ya karkatar da ita wani shagon, har ta yi masa faɗa. Ta sayi waken, ta niƙa, ta soya. Kafin azahar 'yan acaɓa da kwandastoci suka fara amai da gudawa. Jikarta, wadda hotonta ke kan lambar, ita ta fara cin na farkon kasko kamar kullum, sai da aka kwantar da ita a asibiti aka yi ta ƙarin ruwa. Allah ya sa ba a rasa rai ba. Amma samarin tasha suka kifar da kaskon, suka rushe murhun, shugabanni suka ce kada a ƙara ganin ƙafarta a wurin.

Na ce, “Inna, wallahi ba ni na turo ba. Wannan tsohuwar murya ce, a kan wani buhu na yi ta.”

Ta ce, “Ni ban san wani Alhaji ba, ban san ɗansa ba. Kai na sani. Kuma ba ni kaɗai ba. Duk wanda ya ce yana tsoron ƙosai saboda magani, muryarka nake kunna masa, in ce ga mai wakena daga Kano. Duk tashar nan sun san muryarka.”

Ban tsaya wanke ƙafa ba na hau mota zuwa Dawanau. Na sami Nazifi a kan kujerar ubansa, wayar na hannunsa, da tsagewar da ta yi a gefe tun sanda ta faɗo mini daga saman buhuna. Na ce, “Ka ji tsoron Allah ka goge muryata.” Ko tashi bai yi ba. Ya ce, “Wace muryarka? Da wayar shago aka yi ta, da datar shago, a lokacin aikin shago. An biya ka.” Na ɗaga hannu, Allah ya sa aka riƙe ni. Ina faɗa muku ban taɓa jin tsanar ɗan Adam irin ta ranar nan ba, kuma har yau ba ta gama fita ba. Na wuce gidan Alhaji. Yana kwance a kan tabarma, na zauna na kwashe duka na gaya masa. Ya yi ta motsa baki, magana ta ƙi fita, yawu na zuba. Uwargidansa ta leƙo ta ce don Allah in bar shi haka.

Har wurin limamin ƙauyenmu na je. Na ce, “Allah gafarta Malam, rantsuwar da na yi a kan gaskiya, aka ɗauka aka ɗora a kan ƙarya, akwai kaffara a kaina?” Ya yi tunani ya ce babu, zunubin na wanda ya tura ne. Na yi godiya na taso. Malam ya wanke ni, amma hakan bai mayar wa Inna Asabe da murhunta ba. Nazifi kuwa ya sayar da kayansa tas, ya canza layi, ya canza sunan shafi, yanzu har mota gare shi. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Na sayi wata wayar na gwada buɗe nawa, duk wadda na samu lambarta na yi wa murya, sai in ga ta saurara ta yi shiru. Ashe ba Inna Asabe kaɗai aka tura wa ni ba.

Bayan an kwana biyu Inna Asabe ta sake kira. Ta huce, muryarta a sanyaye. Ta ce Ɗanjuma ya zauna ya warware mata komai. Ta ce, “Malam Sabo, abu ɗaya za ka yi mini. Shugabannin tasha za su zauna ranar Juma'a, za su ba wata gurbina. Ka yi mini murya ka gaya musu ba ni da laifi, yaudarata aka yi. Ko Allah zai sa su ji.”

Na ari wayar maƙwabcina, don tawa ta fara ciwon makirfo. Na shiga rumbu inda babu kukan awaki. Na yi, na goge, na sake, har sai da ta fita yadda nake so. Na faɗi sunana da sunan ubana da ƙauyenmu, na faɗi rana da wata. Na ba da labarin waken tun daga saukewarsa har karɓe wayar. Na ce matar nan ba ta san komai ba, kuma duk wanda ke so in zo Suleja in dafa Alƙur'ani, zan zo da kuɗin motata. Duk shekarun da na yi a sana'ar nan ban taɓa yin muryar da ta kai wannan kyau ba.

Ranar Asabar da safe ta kira. Na ce, “Inna, ya ake ciki?”

Ta ce, “Na kunna musu. Sun saurara har ƙarshe, babu wanda ya katse. Da ta ƙare sai shugaban ya ce, Inna, ai wannan muryar ce ta rantse mana a karon farko.”

Na ce, “To in taho?”

Ta ce, “A'a, an riga an ba wata. Na koma talla a kai.” Ina jin ƙarar motoci a bayanta. Sannan ta ce, “Malam Sabo, na yarda ba kai ba ne, wallahi na yarda. Amma don Allah kar ka ƙara kirana. In na ji muryarka cikina juyawa yake.”

Ban ƙara kira ba.